Ƙarfen da Dogo Yake Tsallakewa

Abin da zan faɗa ya daɗe ƙwarai, kuma kan tsoho kamar tsohuwar randa yake, ba ka sanin inda take yoyo sai ka ga ƙasa ta jiƙe. Mai yiwuwa na haɗa hunturu biyu na mai da su ɗaya. Mai yiwuwa launin da nake gani in na rufe ido ba shi ne ainihin launin ba. An horar da ni a kan kada in faɗi abin da ban auna ba, shi ya sa na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Amma an kai inda shiruna zai cuci mutum, kuma mutumin nan, bayan ikon Allah, shi ne dalilin da ya sa nake numfashi yau.

Zan kira shi Dogo, kamar yadda muke kiransa tun muna samari. Tun rasuwar matarsa yana zaune a Clichy-sous-Bois, kusa da Paris, wurin ɗiyarsa Ramatu. Ba zan ɓoye ba, mantuwa ta kama shi. Yakan nemi tabaron da ke bisa hancinsa, yakan tambaye ni lafiyar mutanen da shi da kansa ya tsaya a jana'izarsu. Kwanakin baya ina zaune a gidana a Bobigny sai ga wayar Ramatu. Tonton take ce mini, wato kawu. Ko gaisuwar ba ta bari mun ƙarasa ba.

"Tonton, Papa ya ture Mimi."

Mimi ɗiyarta ce, ba ta daɗe da shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Na ce, "Subhanallahi. Ya ture ta yaya?"

"Muna ƙetare hanyar tiram, jirgin nan na cikin gari. Ta saki hannuna ta tsaya a kan ƙarfen tana wasa, ba tiram, ba komai. Sai ya taho da gudu ya banke ta da kafaɗa, comme un rugbyman, Tonton! Ta faɗi, haɓarta ta fashe, sai da aka yi mata ɗinki. Shi kuma yana tsaye yana ihu, wai kuran, kuran."

Kuran muke ce wa wutar lantarki. Na tambaye ta, da kafaɗa ta ce? Ta ce da kafaɗa. Ta ce wannan shi ne ya fi ba ta tsoro, don in da tausayin yarinyar ya ji ai da hannunta zai kama ya ja ta. Ta ce dama ya daɗe yana wani abu: duk lokacin da zai ƙetare hanyar tiram sai ya tattare wandonsa, ya ɗaga ƙafa sama kamar zalɓe, ya tsallake iska. Ba ƙarfen yake tsallakewa ba, wuri ne kusa da ƙarfen inda babu komai. Likita ya ce masu irin ciwonsa sukan ga abin da babu. Wanta, babban ɗan Dogo, ya riga ya samo masa wuri a gidan tsofaffi, kuma ya ce daga yau kada a sake barin sa kusa da yara. Da na fara yi mata bayani sai ta katse ni cikin ladabi. Ta ce ta duba a wayar salula, jirgi daga wayar sama yake shan wuta, kowa ya sani.

Kowa ya sani! Na ajiye wayar.

Mun zo Lyon karatun lantarki da kuɗin gwamnati, ni daga Damagaram, Dogo daga Tawa. Ku tuna a lokacin ƙasarmu ba ta da ko taƙi guda na hanyar jirgi. Mun iya lissafin kuran a takarda fiye da yawancin ƴan ajinmu, amma da fitilar kwai muka yi karatun yarinta. Kusa da ƙarshen karatu aka tura mu biyu koyon aiki a wani depo, wurin gyaran jirage, da ke can cikin duwatsu, a kan hanyar jirgin da ke hawa zuwa iyakar Italiya. Daga Lyon jirgi zai yi ta tafiya a shimfiɗe, sannan kwari ya fara matsewa, duwatsu su tashi dama da hagu har rana ta zama baƙuwa, ta leƙo da hantsi ta yi sallama kafin la'asar. A can ne na fara ganin abin da yau ake ce mini babu. Ban da ƙarafa biyu da ƙafafun jirgi ke bi, akwai na uku, a gefe, ɗan sama da ƙasa kaɗan, bisa wasu ƴan duwatsu masu hana wuta zurarewa. Shi ke ɗauke da kuran. An kare shi da katako a wurare da dama, musamman inda mutane ke wucewa, amma katako yakan tsage, dusar ƙanƙara kuma takan rufe komai ta mai da fili fari fat. Kan jirgin yana da wasu faifan ƙarfe a gefensa masu gogar wannan ƙarfe suna shan wuta. Turawa suna da sunansu, mu dai takalma muke ce musu. In ban yi kuskure ba, a ƙananan layukan cikin gar, wato tashar jirgi, akwai waya a sama, amma babbar hanya ta ƙarfen ƙasa ce.

Har yau ina jin sautin. Kan jirgin lantarki ba ya haki kamar na gawayi, gurnani yake yi ƙasa-ƙasa, ka ji shi a tafin ƙafarka kafin kunnenka ya ji. Takalman suna tafe suna shuuu, in sun zo inda ƙarfen ya yanke su yi ƙas, su sake kamawa. Da asuba in ƙanƙara ta daskare a kan ƙarfen, sai ka ga tartsatsi shuɗi da kore yana faɗuwa a kan farar ƙasa kamar ana walda. Jiragen kaya masu nauyi ba sa iya hawan da kai ɗaya, sai an sa wani a baya yana turi, na gaba ya yi kuka, na baya ya amsa, duwatsu su maimaita musu. Aikinmu ba na manya ba ne duk da takardunmu: mu duba takalma mu ga ko sun cinye, mu cika akwatunan yashin da ake zuba wa ƙafafun jirgi don kada su zame, mu bi masu kankare ƙanƙara da dogayen sanduna. Yatsuna sun yi ta tsagewa, na riƙa shafa man shanu ina tuna Damagaram.

A depon nan muka tarar da wani dattijo ɗan ƙasarmu, tsohon soja da ya zauna bayan yaƙi ya auri aikin jirgi. Baba Kafaran muke ce masa. Shi ya ba mu tarihin hanyar, kamar yadda shi ma ya ji daga tsofaffin direbobi. Ya ce da can jiragen gawayi ne ke hawa, in suka shiga ramukan da aka huda cikin dutse hayaƙi ya turnuƙe, direba ya fito baƙi ƙirin yana tari, wani har ya suma. Sai aka tare ruwan da ke gangarowa daga duwatsun aka samu wuta, aka shimfiɗa ƙarfe na uku, aka kawo dogayen kawuna masu ƙafafu da yawa. Waɗannan tsofaffin muka iske suna aiki, sun tsufa suna ƙara kamar ƙofar zaure. A zamaninmu aka fara kawo sababbi, korra nake tsammani, masu takalma a gefe da kuma hannu a bisa rufi mai taɓa wayar sama, don su ci nan su ci can. Dalilin da ya sa tun farko aka zaɓi ƙasa aka bar sama, na ji bayani iri-iri, wasu sun ce ramukan ne ba su da tsawo, wasu sun ce arha ce. Ban tabbatar ba, ba zan yanke ba.

Ranar farko Baba Kafaran bai bar mu mun taɓa ko ƙusa ba. Ya shimfiɗa wata sanda a kan bulo biyu a tsakar depo, ya ce mu tsallake. Muka tsallake muna dariya.

"Ku sake. Kai ɗan Damagaram, ƙafarka ta yi ƙasa. Nan ba fadar Sarki ba ce da za ka riƙa jan ƙafa kana taƙama."

Dogo ya ce, "Baba, mu fa injiniyoyi muna, mun san mi a kuran."

"To, shi bai san ku ba. Ɗaga!"

Haka muka wuni muna tafiyar zalɓe, Turawa da Larabawan depo suna kallo, ba wanda ya yi dariya, don kowannensu haka yake tafiya. Ka tattare tufafinka, ka ɗaga gwiwa, ka sauke ƙafa nesa. Ko an ce maka an kashe wuta, ka ɗaga. Ko ka ga katako, ka ɗaga. Yakan ce macijin nan ba ya barci, kwanciya kawai yake yi. Sannan ya koya mana abu na biyu. Ya ce in ka ga kuran ya kama ɗan'uwanka, kada ka miƙa masa hannu. "Hannu marowaci ne, abin da ya kama ba ya saki. Ka kama shi, ku zama biyu, a yi muku salla ɗaya. In da busasshen itace kusa, to. In babu, ka taho da gudu ka banke shi da kafaɗa, ka wuce da shi. Ya karye, a ɗora shi. Ya zage ka, ka gode Allah, mai zagi yana da rai." Ba ina koyar da wannan ba ne, na san yau ƙa'ida ita ce a fara kashe wuta a kira masu ceto. Ina faɗin abin da aka sa a jikinmu ne kawai.

Sai Sallar Layya ta riske mu a tsakiyar hunturu. Ma'aikata Larabawa suna da wani ɗaki a hayin layukan inda suke haɗuwa salla, suka gayyace mu. Ni kuwa ina da babbar riga ta shadda da gyatumata ta ɗinka mini da zan taho, tana ƙasan akwati ban taɓa sa ta ba. Wane Bahaushe ne zai je idi da kayan aiki alhali yana da babbar riga? Na zura ta a kan manto, rigar sanyi, Dogo ya sa tasa. Muka makara wurin gyara hula, muka ce bari mu yanke ta cikin layuka maimakon mu zagaya ta gada. An kwana ana zuba dusar ƙanƙara. Na ɗaga ƙafa yadda aka koya mini, wallahi na ɗaga. Abin da Baba Kafaran bai yi tunaninsa ba, don shi bai taɓa ganin mai babbar riga a cikin layuka ba, shi ne bakin rigar. Ya riga ya sha ruwa ya yi nauyi, yana ja a bayana. Ban ji zafi ba da farko. Ji na yi an dunƙule ni gaba ɗaya, haƙorana suka haɗu, ƙafata ta ƙi sauka ta ƙi ɗaguwa. Sai wani abu kamar sa ya banke ni a haƙarƙari, na tsinci kaina kwance can gefe, baki cike da ƙanƙara, hanci cike da ƙaurin shadda. Dogo yana durƙushe a kaina, hularsa ta faɗi.

"Kana ji na? Zage ni! Don Allah zage ni in ji!"

Na ce, "Ka karya ni, ɗan banza."

Ya fashe da kuka yana cewa Alhamdulillahi. Haƙarƙarina ya tsage, ƙaurina ya ƙone, tabon yana nan. Baba Kafaran da ya zo duba ni bai yi faɗa ba. Ya ɗaga rigar ya dubi inda wuta ta ci, ya ce, "Daga yau idi da kayan aiki. Allah ya san ku ko ba shadda."

Bayan mun gama, ni na koma Paris aikin zane a buro, wato ofis. Dogo ya zauna a hanyar jirgi har ya ajiye aiki. Yana can aka kafa turaku aka ja waya a sama, aka tumɓuke ƙarfe na uku, aka kwance wa kawunan jirgi takalmansu. Ba na kukan wannan, an huta da maciji, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Yanzu ma an ce ana huda wani dogon rami a ƙarƙashin duwatsun don jirgi ya daina hawa. Abin da ke ci mini rai daban ne. An cire ƙarfen daga ƙasa, ba a cire shi daga ƙafafun mutane ba, sannan aka manta an taɓa sa shi. A garinmu in tsoho ya kauce wa wani wuri a hanya, yara sukan kauce, daga baya su tambayi dalili, a ce musu tsohuwar rijiya ce aka cike. A nan in tsoho ya kauce wa abin da ba ka gani, sai a rubuta masa suna a takardar likita. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kiyaye jirage cike da ƴaƴan wasu, yau shi ne haɗari ga yara! Ba na cewa likita ya yi ƙarya, ban karanci aikinsa ba. Amma ya tambayi Dogo wace rana ce yau, ya tambaye shi sunan shugaban ƙasa, bai tambaye shi wane aiki ya yi ba.

Na san baki na kaɗai ba zai isa ba, za a ce tsoho yana kare tsoho. Na ji labarin wasu tsofaffin ma'aikatan jirgi a wajen Lyon da suke adana wani kan jirgi na wancan zamani a wata rumfa, suna buɗe wa mutane lokaci-lokaci. Na roƙi Ramatu ta ba ni wuni ɗaya. Ta yarda don kunya, ba don ta gamsu ba. Ni da ita muka shiga jirgi mai gudun nan, ina ta addu'a a zuci Allah ya sa takalman suna nan.

Ba su nan. An goge jirgin yana ƙyalli, an kafa allo mai bayanin ƙarfinsa da nauyinsa da gudunsa. Ƙarfe na uku kuwa layi ɗaya aka ba shi a ƙasan allo, ba ko guntunsa a rumfar. Ba kalma ɗaya a kan waɗanda suka yi ta tsallake shi da ƙafafunsu. Na durƙusa da ƙyar ina nuna wa Ramatu ramukan ƙusoshin da takalman suke a da. Wata matashiya mai yi wa baƙi bayani ta ce, da fara'arta, ai an cire su tun tuni, kuma jirgin ya fi kyau haka. Ya fi kyau!

Ramatu ta karanta layin nan ɗaya. Ta ce a hankali, "D'accord, Tonton, akwai ƙarfen. Amma wannan bai ce a banke yarinya ba."

Gaskiyarta. Na juya zan nemi wurin zama, sai ta riƙe hannun rigata. Wani tsohon Bature ne, ɗaya daga cikin masu kula da wurin, ya taho daga hayin layin ɗauke da gwangwanin mai. Da ya iso kusa da ƙarfen sai ya kama wandonsa da hannu ɗaya, ya ɗaga gwiwa sama, ya tsallake iska, daidai wurin da babu komai, ya sauke ƙafa nesa. Ramatu ta saki rigata ta nufe shi.

"Pardon, Monsieur. Me ya sa kuka ɗaga ƙafa haka?"

Ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce. "Na ɗaga? Matata ma haka take cewa. Ko a bakin titi wai ina yi." Ya yi dariya. "Ƙarfe na uku ne, Madame. An cire shi, amma ba a gaya wa gwiwata ba."

"In mutum ya taka shi fa? In yaro ne, ɗanku. Ya za ku yi?"

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye gwangwanin. Ya ce, "Jamais la main," wato ba da hannu ba har abada. Sannan ya sunkuyar da kai, ya turo kafaɗarsa gaba, ya buga ta da tafin hannu sau biyu.

Na ɗaga ƙafar wandona na nuna mata tabon. Ta daɗe tana kallon sa. Sai ta fita waje da salularta, na ji muryarta tana tashi da Faransanci tana gaya wa wanta a dakata, kada a sa hannu a komai tukuna.

A jirgin komowa ta ce, "Wato a ganinsa ceton ta ya yi."

Na ce, "Yadda ya cece ni."

"Kuma ni na yi masa ihu a gaban mutane. Na ce masa kada ya sake taɓa ta."

Na ce ta je ta ba shi haƙuri, ko ya manta zuciyarsa ba ta manta ba.

Ga inda maganar take yau. Dogo yana gida. In za su ƙetare hanyar tiram Ramatu takan riƙe Mimi a gefenta, ta ce masa, "Papa, an kashe wuta," shi kuwa ya ce, "Ko an kashe, a ɗaga," su ukun su ɗaga. Amma wan Ramatu bai sauka ba. Ya ce dalili mai kyau ba ya ɗinke haɓa, ya ce shaidar tsofaffi biyu da Bature ɗaya ba ta isa ya sa ƴaƴansa a kusa da Dogo ba, ya hana nasa zuwa gidan. Wurin da ya samo yana nan a buɗe, ya ce zuwa ƙarshen hunturu za a sake zama. Ba na zagin sa, uba ne, kuma mai yiwuwa wata rana ciwon Dogo ya kai inda gida ba zai iya ba. In ranar ta zo, ta zo. Amma kada a kai shi a kan wannan. Kada a rubuta cewa Dogo mai bugun yara ne.

Don haka nake roƙon duk wanda ya taka wannan hanya a zamanin ƙarfe na uku, ɗan ƙasarmu ne ko Balarabe ko Bature, ko wanda ya ga ubansa yana irin wannan tafiya bai san dalili ba, ya neme ni. Bayan sallar Juma'a ba na saurin fita masallaci, ku tambayi tsohon ɗan Damagaram mai ɗingishi. Zan kai ku ku faɗa wa ɗan Dogo da bakinku. In na yi kuskure a launin jirgi, ko inda katako yake, ko wane hunturu ne, ku gyara mini, zan karɓa da godiya. Kafaɗar ce kaɗai ba zan karɓi gyara a kanta ba. In sanyi ya shigo, har yanzu haƙarƙarina yana gaya mini inda ta sauka.